Tafiyar da kuka daɗe kuna buri: ku bi ayarin kamfani ko ku tsara abinku?

Akwai tafiyar da aiki ke kai mutum, akwai kuma wadda yake shekara da shekaru yana ambata kafin kuɗi da lokaci da lafiya su haɗu masa wuri guda. Ta biyun nan ba kasafai ake yin ta a kaɗaice ba. Miji da mata ne, ko aminai biyu, ko 'ya da mahaifiyarta da ta ajiye aiki. Inda za a je an daɗe da sani. Abin da ke tsayar da mutane bayan sun yanke cewa bana ce shekarar shi ne yadda za a je: a danƙa wa kamfanin shirya tafiye-tafiye kuɗi a dunƙule, a bi ayarinsa da jagoransa, ko kuwa ku biyun ku zauna ku nemi tikiti da masauki da biza da hannunku, ɗaya bayan ɗaya.

Bari in faɗi inda na karkata tun da wuri, ba sai an yi ta kewaye-kewaye ba. Idan wani wuri ne takamaimai ya haifar muku da burin nan, kuna da ƙarfin jiki, kuma akwai watanni a gabanku, tsarawa da kanku ta fi. Sai dai sharuɗɗan nan ba ƙanana ba ne, kuma akwai abokan tafiya da dama waɗanda bin ayari ne kaɗai zai sa su dawo gida suna ga-maciji da juna.

A fara da lokaci, don a nan bambancin ya fi fitowa fili. Kamfani yana sayar da tafiya ne da yawan wuraren da ya jera a takardar talla. Ƙasa biyar a kwana goma ta fi ɗaukar idon mai saye a kan gari biyu a kwana goma, shi ya sa jadawalin ayari yakan cika maƙil. Abin da takardar ba ta faɗa shi ne sa'o'in da ake ƙonawa a cikin bas, da tashin asuba a fito da akwati bakin ƙofa, da jiran mutum talatin ko arba'in su gama uzurinsu a kowane zango. A duba Andalus, a kudancin Sifaniya. Babban masallacin Kordoba, wanda aka fara ginawa wajen shekarar 785 a zamanin Abdurrahman na Ɗaya, aka kuma mai da shi majami'a bayan 1236, yana da ginshiƙai sama da 850. Ayarin da ya biyo ta garin a kan hanyarsa zuwa wani gari sau da yawa sa'a ɗaya ko biyu yake ba shi, da tsakar rana, daidai lokacin da sauran ayarori ma suka cika wurin. Wanda ya zo don a ɗauke shi hoto a ce ya je, wannan ya ishe shi. Amma wanda ya shekara ashirin yana kallon hoton bakunan ginin nan masu ratsin ja da fari, a ce masa minti casa'in ne rabonsa, an cuce shi. Mutum biyu da suka tsara abinsu suna iya kwana a tsohon garin, su shiga da zarar an buɗe da safe, su fita su huta, su komo washegari idan ransu bai ƙoshi ba.

Zirga-zirgar ma a irin waɗannan ƙasashe ba ta kai wahalar da ake zato ba. Jirgin ƙasa mai gudu tsakanin Madrid da Sebil yana aiki tun 1992. Daga Madrid zuwa Kordoba bai cika sa'a biyu ba, daga Kordoba zuwa Sebil kuwa kusan minti 45 ne, bas ba ya kamo ƙafarsa. A Maroko ma tun 2018 akwai jirgin Al Boraq da ke haɗa Tanja da Kasabalanka cikin sa'a biyu da 'yan mintuna. Inda ake da irin wannan, hujjar cewa sai da bas ɗin kamfani za a iya kewaya ƙasa ta raunana ƙwarai.

Amma 'yancin nan da karatu ake sayen sa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Fadar Alhambra ta Giranada, ita ma a Andalus, tana ƙayyade yawan masu shiga a kowace rana, tikitinta da sunan mutum ake yanka shi, ana neman fasfo ko katin shaida a ƙofa, sannan sashen fadojin sarakunan Banu Nasr, wanda shi ne zuciyar wurin, yana da lokacin shiga a rubuce a jikin tikitin. Ka makara, ka rasa. A lokacin cunkoso tikitin kan ƙare tun saura makonni. Fadar Topkapi ta Istanbul ba ta buɗewa ranar Talata, haka gidan tarihi na Louvre a Paris. Babbar rufaffiyar kasuwar Istanbul tana rufe ranar Lahadi. Taj Mahal a Indiya ba ya karɓar masu yawon buɗe ido ranar Juma'a. Aya Sofiya ta Istanbul, da aka kammala a 537, ta koma masallaci a 2020, don haka lokutan salla suna shafar shigar baƙi. Kordoba da Sebil a watannin Yuli da Agusta zafinsu kan haura digiri 40. Kamfanin kirki ya haddace duk waɗannan, ya gina jadawalinsa a kansu, kai ba ma za ka san an kauce wa wata matsala ba. Mai tsara wa kansa kuwa sai ya binciko kowanne, kuma abu ɗaya da ya kuɓuce masa yana iya zama shi ne ainihin abin da aka zo dominsa.

Batun kuɗi ba shi da amsa guda, duk da kowane ɓangare yana rantsuwa cewa nasa ya fi araha. Kamfanoni suna sayen ɗakunan otal da kujerun jirgi a kan sari, don haka a otal mai daraja iri ɗaya farashinsu yana iya yin ƙasa da abin da za ku samu ku kaɗai. Farashin da suke tallatawa kuma na mutum ɗaya ne a ɗakin mutum biyu, abin da ya yi wa ma'aurata daidai. Aminai biyu da kowa ke son ɗakinsa su lura, akwai ƙarin kuɗi mai tsoka a kan kwana shi kaɗai. Inda kuɗin ayari ke ɓuya shi ne a ziyarce-ziyarcen da aka rubuta cewa na ganin dama ne, waɗanda in ka duba da kyau su ne masu daɗin, sai abincin rana da na dare da ba a haɗa ba, sai ihsanin jagora da direba da ake sa rai a ƙarshe. Wani lokaci otal ɗin yana can bayan gari, ta yadda fita da yamma sai da kuɗin tasi. Akwai kuma tsayawa a shagon darduma ko na turare ko na fata, inda ake kashe sa'a guda da sunan nuna sana'ar gargajiya, alhali kamasho ake nema. Ni wannan ya fi ci mini rai a kan kuɗin kansa, domin daga cikin kwanakinku ƙididdigaggu ake yankar sa'ar.

Mai tsara wa kansa ma yana da nasa ramukan. Tikitin jirgi mai arha sau da yawa ba ya haɗe da kuɗin akwati. Filin jirgin Beauvais, da wasu kamfanonin jirage masu rahusa ke kira na Paris, yana da nisan kusan kilomita 85 daga birnin. Istanbul filaye biyu gare ta, babban yana ɓangaren Turai, Sabiha Gokcen yana ɓangaren Asiya, kuma wanda ya sauka a ɗaya zai tashi daga ɗayan ya shirya wa doguwar tafiya a cikin cunkoso. Birane da yawa a Turai suna karɓar harajin kwana a otal, wanda ba kullum yake cikin farashin da aka gani a intanet ba. Hanyar gane gaskiya ita ce ku ɗauki jadawalin kamfanin, ku nemi farashin otal-otal ɗin da ya ambata da sunansu a ranakun nan, ku haɗa da jirgi da kaya da tikitin shiga wurare da mota daga filin jirgi. Idan kamfani ya ƙi faɗin sunan otal, ya tsaya a kan cewa mai tauraro huɗu ne ko makamancinsa, wannan ma wata amsa ce.

Biza kuwa babu kamfanin da ke ba da ita. Ofishin jakadanci ne ke bayarwa, kuma duk ejan ɗin da ya ce ya lamunce muku samun ta, ku riƙe aljihunku. Ga masu buƙatar bizar yankin Shengen, wanda ya ƙunshi ƙasashen Turai 29 masu biza guda, ƙa'idojin ɗaya ne ko da ayari ko ba ayari: ana iya nema tun saura wata shida, kada ya gaza kwana 15 kafin tafiya, fasfo ya kasance an yi shi cikin shekara goma da suka wuce, kuma ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar fitowa, inshorar lafiya ta kai yuro 30,000, sannan a ofishin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta ake nema. Birtaniya ba ta cikin yankin, saboda haka tafiyar da ta haɗa Landan da Paris biza biyu take ci. Abin da kamfani ke sauƙaƙawa shi ne takardu: jadawali a rubuce, shaidar masauki, shaidar jirgi, duk a tsare.

Ga wani abu da ya keɓanci masu tafiya su biyu, kuma ba a cika tuna shi ba: kowa takardarsa daban ake dubawa. Yana yiwuwa a ba ɗaya a hana ɗaya. A nan sai tsarin biyan kuɗi ya zama komai. Kamfani yakan karɓi kuɗin kafin alƙalami da ba a mayarwa, ya kuma sa ranar cika ragowar, wadda kan iya zuwa kafin amsar biza ta fito. Mai tsara wa kansa yana iya kama ɗakin da ake sokewa kyauta, ya jinkirta sayen abin da ba a mayar da kuɗinsa har fasfo biyun su dawo hannu. Idan za ku bi kamfani, ku sa ya rubuta muku abin da zai faru da kuɗin ku duka biyun in aka hana ɗayanku, don wanda aka ba shi ma da wuya ya tafi ya bar ɗan'uwansa.

Inda ayari ya yi wa tsarin kai fintinkau shi ne ranar da abu ya lalace. Jirgi ya makara, an rasa na gaba, akwati ya ɓata, ɗayanku ya kwana da zazzaɓi a garin da ba ku jin harshensa. A ayari akwai wanda aikinsa ke nan, yana da lambobin waya, ya san asibiti, ya saba da irin wannan dare. Ku kaɗai kuwa komai a kanku yake. Kuna da haƙƙoƙi, amma sai kun san su. Dokar Tarayyar Turai ta 2004 ta tanadi diyyar yuro 250 zuwa 600 ga fasinjan da ya isa a makare da sa'a uku ko fiye, a jirgin da ya tashi daga ƙasashenta ko jirgin kamfaninta da ya nufo su, matuƙar ba wani abin da ya fi ƙarfin kamfanin jirgin ne ya jawo ba, kamar mummunan yanayi. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba da kwana bakwai a kai kuka a rubuce kan akwatin da ya lalace, kwana 21 kan wanda ya makara. Babban tarkon mai tsara wa kansa shi ne sayen tikiti biyu daban-daban don neman rahusa. In na farko ya makara, kamfanin na biyu ba ruwansa, a wurinsa kai ne ba ka zo ba. Tafiyar da za a yada zango, a saye ta a tikiti guda, ko da ta ɗan fi tsada.

Kada kuma a ɗauka kamfani dutse ne. Kamfanin Thomas Cook, wanda ya faro da jigilar mutane a jirgin ƙasa a Ingila a 1841, ya durƙushe a watan Satumba na 2019 yana da kusan mutum 600,000 a ƙasashen waje. Hukumomin Birtaniya suka yi aikin kwaso nasu kimanin 150,000. Abin da ya ceci da yawa daga asara shi ne tsarin kariya da dokar ƙasarsu ta wajabta. A Tarayyar Turai ma dokar 2015 ta tilasta wa masu sayar da tafiya a dunƙule su tanadi kariya in sun karye, ta kuma ba matafiyi damar fasawa idan aka ƙara farashi da fiye da kashi 8 cikin ɗari. Amma dokar nan ta halatta wa kamfani soke tafiyar da ta wuce kwana shida idan mutane ba su cika ba, muddin ya sanar saura kwana 20. Ga wanda ya riga ya karɓi hutu daga wurin aiki, kwana 20 ba wani abu ba ne. Ba kowace ƙasa ce ke da irin wannan kariya ba, don haka tambayar wace doka ce ke kan kamfanin, da wa zai biya in ya rufe, ba rashin kunya ba ce.

Duk waɗannan lissafi ne da kowa zai iya yi. Abin da ya fi su nauyi shi ne ku biyun kanku. A kusan kowace tafiyar mutum biyu, ɗaya ne ke zama mai tsarawa, ɗayan yana cewa duk yadda ka yi daidai ne. Wannan magana tana da daɗi a gida. A hanya, ranar da otal ya zama ba kamar hotonsa ba, ko aka sauka a tashar da ba ita ba da akwatuna biyu a hannu, sai mai tsarawa ya ji ana kallon sa, ko da ba a ce uffan ba. Ya kwashe watanni yana bincike, yanzu ga shi shi ne jagora, shi ne mai riƙe taswira, shi ne mai laifi, hutun ma bai same shi ba. Ɗayan kuma yana jin ana jan sa ne kawai, ba a tambayi abin da yake so ba. Babban amfanin ayari da ba a rubuta shi a talla shi ne samun na uku da za a ɗora wa laifi. Ku biyu sai ku haɗu ku yi gunaguni a kan jagora, ku kwanta kuna shiri. Akwai kuma sauran mutane a bas, waɗanda ke rage nauyin zama da mutum ɗaya dare da rana har mako biyu. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, balle mutum biyu da gajiya da yunwa da sauyin lokacin barci suka taru a kansu.

Saboda haka kafin a zaɓi tsarin kai, kowannenku ya rubuta shi kaɗai abubuwa uku da in bai gan su ba zai ce tafiyar ba ta yi ba, sannan a haɗa takardun. Sau da yawa a nan ake gano cewa ɗaya gidajen tarihi yake mafarki, ɗaya kuwa kasuwa da zama a bakin ruwa. A raba aikin gida biyu na gaskiya, wani ya ɗauki jiragen sama da na ƙasa, wani ya ɗauki masauki da tikitin wurare, don kowa ya sami abin da zai amsa tambaya a kansa. A yi magana a fili kan wanda ke tashi da wuri da mai son barcin safe, da lokutan ibada, da abin da wani ba ya ci, da yawan abin da za a kashe a rana. Aminai su tara asusu guda na abinci da mota, tsaraba kowa da aljihunsa. A kuma yarda tun a gida cewa rabuwa ta rabin yini, kowa ya je inda yake so a haɗu da yamma, ba fushi ba ne. Idan kun gwada wannan zama kuka ga ɗayanku ba ya ko son buɗe taswira, to kun sami amsa: ku nemi kamfani.

Mai tafiya da dattijo ko da wanda ƙafa ke damu ya yi hattara da zaton cewa ayari ne sauƙi. Ana ɗaukar kaya, gaskiya ne, amma ayari da saurinsa yake tafiya, kuma ba abin da ke karya zuciyar tsoho kamar ganin mutum talatin sun tsaya suna jiran sa. Tsofaffin birane da yawa tudu ne da matakala da daɓen duwatsu. Ga irin wannan abokin tafiya, gari ɗaya ko biyu, otal a tsakiyar gari mai na'urar hawa bene, da mota da jagora na ku kaɗai a ranakun da ake buƙata, sun fi babban ayari nesa ba kusa ba.

Wasu wuraren kuwa ba su bar zaɓi ba. Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, ba a hawan sa sai da jagora mai lasisi. Tsohuwar hanyar Inka da ke kaiwa kufan birnin Machu Picchu a Peru sai ta hannun kamfani mai izini, mutum 500 kacal ake bari a rana har da 'yan dako da jagorori, kuma a rufe take duk watan Fabrairu. Tafiyar jirgin ruwa a kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan a Masar, ta kwana uku ko huɗu, dama a dunƙule ake sayar da ita da abinci da jagora, kuma gumakan da rubuce-rubucen da ke bangon haikalin Karnak ba sa cewa komai ga wanda ba shi da mai yi masa bayani.

Wannan ne ma ya sa nake ganin yawancin mutum biyu za su fi dacewa da gauraya. Ku sayi jirgi da masauki da kanku, ku zaɓi garuruwa kaɗan ku ba kowanne aƙalla kwana uku, sannan ku sayi rakiyar jagora ta yini ɗaya ko rabin yini a wuraren da tarihinsu ke buƙatar baki. Ko ku juya shi: ku bi ayari, amma ku nemi kamfanin ya ɗaga muku ranar dawowa, ku ƙara kwana uku ku kaɗai a garin da ya fi kwanta muku a rai. Kamfanoni da yawa suna yarda in an nema kafin a yanki tikiti. A lokacin kun san gari, kun san yadda ake shiga jirgin ƙasansa, tsoron farko ya tafi.

Ko wanne kuka ɗauka, daren farko kada a yi masa rowa. Za ku sauka a gajiye, wataƙila cikin dare, waya ba layi, ba ku riƙe kuɗin ƙasar ba tukuna. Ku kama otal mai karɓar baƙi kowane lokaci, ku shirya motar da za ta ɗauke ku tun kafin ku tashi, ku buga adireshin a takarda, kowa ya riƙe kwafin fasfon ɗan'uwansa da katin banki daban da nasa. Magunguna da kayan sawa na kwana ɗaya su zauna a jakar hannu, sauran tufafin kuma ku cakuɗa su a akwatunan biyu, ta yadda in ɗaya ya ɓata ba wanda zai rasa abin sawa. Tikitin wurin da kuka fi buri kuwa kada ya faɗo washegarin isowa. Ku sa shi a rana ta uku, bayan barci ya daidaita, kuma ko jirgi ya yi jinkirin yini guda ba zai shafe shi ba.